Tsakanin Gida da Gona Akwai Kwalta

Idan ka bar birnin Kano ta Kurna da Rijiyar Lemo, ka wuce shataletalen Dawanau ka miƙi hanyar Katsina, za ka daɗe kana jiran inda gari zai ƙare daji ya fara, ba kuwa za ka same shi ba. Gidaje za su ragu, gonaki su buɗe, amma kafin ka gyara zama ka sake ganin katangar ƙasa, da masallaci, da rumfar mai shayi, da 'yan mata masu tallar gyaɗa. Haka za ka yi ta tafiya ta Kwa da Badume da Bichi da Tsanyawa, har ka faɗa Gidan Mutum Ɗaya a ƙasar Katsina. Ko ka karkata ta Dambatta, ko ka bi ta Gezawa da Minjibir, labarin bai sauya ba. Gona tana manne da gona, ƙauye yana hango ƙauye, kiran sallar wannan unguwa yana shiga na waccan.

Ba yau aka fara lura da haka ba. Tun a shekarun 1960, Michael Mortimore, Baturen nan masanin labarin ƙasa da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sannan ya dawo Jami'ar Bayero, ya yi ta auna gonakin kewayen Kano. Ya tarar da ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita, ya kuma tarar ana nome fiye da kashi 80 cikin 100 na ƙasar duk shekara ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ke riƙe da ita shi ne taki. Jakuna su shiga birni da itace, su fito da mangalar taki, a zube a gona kafin ruwa ya sauka. Wancan lissafi na zamanin da jama'a ba su kai rabin na yanzu ba ne. A ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 9.4 a Jihar Kano, kuma tun daga nan ba raguwa aka yi ba.

A cikin wannan ƙasa ce ake shimfiɗa manyan tituna masu hannu biyu. A 2013 gwamnatin tarayya ta bai wa kamfanin CCECC na ƙasar Sin kwangilar tagwaita hanyar Kano zuwa Katsina, kashi na farko daga Dawanau zuwa iyakar jihohin biyu, tsawon fiye da kilomita 70, aikin da ya shafe shekara da shekaru yana tafiyar hawainiya. A farkon 2023 kuma aka ƙaddamar da tagwaita hanyar Kano zuwa Kazaure da Daura har Kongolam a bakin iyakar Nijar, kimanin kilomita 132, wadda kamfanin BUA ya ɗauka a tsarin nan na kamfani ya yi titi a cire masa daga haraji.

Babu wanda ya san tsohuwar hanyar Katsina da zai yi kukan an faɗaɗa ta. Mai Golf ya fito zai wuce tirela a kwana, ya yi kiciɓis da homa cike da fasinja, sai dai a kwashi gawarwaki. Raba hannun zuwa da na dawowa yana kashe irin wannan karo na gaba-da-gaba, kuma rayukan da ake tsirarwa ta nan ba kaɗan ba ne. Sai dai titin da ya yi faɗi ya yi sumul kira yake yi wa direba ya taka. Wanda ke cikin mota ya samu sauƙi. Wanda ke ƙasa, wanda gidansa ke gabas da kwalta gonarsa na yamma, shi aka ƙara wa nauyi, kuma shi ne ba a cika tunawa da shi ba ranar da ake zana titin a ofis.

Matafiyi tsawon titi yake gani, mutumin gari kuwa faɗinsa ne ya dame shi. Rabon gado ya sa da wuya ka samu magidanci a wannan yanki mai gona ɗaya dunƙulalliya. Yana da 'yar ƙarama a bayan gida, da wata da ya gada a tsallake, da wata da ya karɓa jingina can kusa da fadama. A rana ɗaya ta damina zai iya ƙetare kwalta sau huɗu ko fiye, da fartanya a kafaɗa, yaransa na biye da shi da ƙwaryar fura. Da bazara jaki ne da mangala. Da kaka kurar shanu ce shaƙe da dammunan gero. Ga 'yan firamare da safe, ga 'yan Islamiyya da yamma, ga yarinyar da aka aika kai niƙa, ga masu ɗauke da makara zuwa maƙabarta, ga Bafulatani da garkensa a kan burtalin da ya girmi kwaltar da shekaru masu yawa. Garin ba a gefen titi yake ba, titin ne ya ratsa ta tsakiyar garin.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin a nan maganar take. Faɗin hannu ɗaya na irin waɗannan tituna mita 7.3 ne, ban da kafaɗa. Lafiyayyen mutum yana cin kamar mita 1.2 a daƙiƙa, ke nan yana buƙatar daƙiƙa shida ya tsallake hannu ɗaya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. A cikin daƙiƙa shidan nan ta shafe kusan mita 170. Wato motar da mai tsallakawa ya hango can nesa kamar ba ta motsi, ita ce za ta iso daidai lokacin da yake tsakiyar kwalta. Tsoho mai sanda ko mace mai goyo da kaya a ka, lokacinsu ya fi haka. Shi ma direban, daga sanda idonsa ya ga mutum zuwa sanda ƙafarsa ta taka birki, motar ta riga ta ci mita talatin ko arba'in. Idan tirela ce da lodin siminti ko buhunan masara daga Dawanau, sai abin da Allah ya yi.

Yaro ɗan shekara bakwai ba ya iya wannan lissafi, ba don sakarci ba, sai don idon yaro bai gama koyon auna gudun abin da ke tunkaro shi ba. Shi ya sa faɗan da ake yi wa iyaye cewa su ja wa 'ya'yansu kunne, duk da gaskiya ne, ba ya kai mu ko'ina. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi idan gudun ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65 a awa. Kilomita 15 kacal. A taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020, an amince cewa duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa, kada gudu ya wuce kilomita 30. Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta ce 50 a cikin gari. To, Badume ranar kasuwa gari ce ko daji? A takardar injiniya tana kan babbar hanya. A ido kuwa cunkosonta ya fi na wasu unguwannin birni.

Sai maganar shingen tsakiya. Inda aka raba hannu biyu da kankare ko da lambatu mai zurfi, an raba su ne don mota kada ta haura, amma mutum ma ya shiga ciki. Ka tsaya bakin titi da hantsi ka kalli dattijo da jakinsa. Ya samu sarari ya tsallake hannun farko, ya iso tsakiya, shi zai iya ɗaga ƙafa ya haura, jakin kuwa ya kafe. Ga motoci na wucewa ta bayansu suna kaɗa masa riga. Ko dai ya bi jikin shingen yana jan igiya har inda aka bar wurin juyawar motoci, wanda zai iya kai kilomita guda ko fiye, ko ya koma inda ya fito. Mai babur ba ya wannan haƙuri, sai ya bi hannun da ba nasa ba, ya tunkari motoci gaba-da-gaba don ya yanke nisa. Daga baya mutanen gari su gaji, a samu guduma da dare a fasa kankaren daidai ƙofar masallaci ko kasuwa. Hukuma ta kira shi ɓarna. Ɓarna ce, amma duk inda ka ga an fasa, to nan ne ya kamata tun farko a ce an bar mashiga, kuma mutanen sun nuna wa injiniya wurin kyauta.

Da zarar an yi rashi a irin waɗannan garuruwa, buƙatar da ake kai wa ɗan majalisa ita ce gadar tsallakawa. Ana ganinta a birni, tana da kwarjini, ana iya rubuta sunan wanda ya kawo ta a jiki. Amma a je Kurna ko ƙofar kwalejin Sa'adatu Rimi a kan titin Zariya a ga mutum nawa ke hawa, nawa ke bi ta ƙarƙashi suna tsere da motoci. Dole gada ta haura mita 5 don manyan motoci su wuce, ke nan matakala talatin da wani abu a hawa, wasu talatin a sauka. Idan ɗalibin kwaleji mai jini a jika yana ƙyashin hawa, ina ga tsohuwa mai ciwon gwiwa, ina ga mai keken guragu, ina ga mai tura kurar ruwa? Jaki ba ya hawa, sa ba ya hawa. Kuma gari mai tsawon kilomita biyu a jikin titi, gada ɗaya a tsakiyarsa ba ta amfani sai ga waɗanda ke kusa da ƙafarta. Gada tana da wurinta, kamar bakin kasuwar Dawanau inda jama'a ke da yawan gaske kuma manyan motoci ba sa yankewa, musamman idan an yi ta da gangara maimakon matakala. Amma a yawancin ƙauyuka abin da take yi shi ne ta wanke direba: an yi muku gada, wanda aka buge a ƙasa shi ya jawo wa kansa.

Danja ma haka. A cikin birni, inda ɗan Karota ke tsaye yana zare ido, ana tsayawa. Hukumar Karota da aka kafa a 2012 ta koya wa direbobin Kano tsoron jar fitila, ko da tsoron tara ne ba na doka ba. Ka ɗauki fitilar nan ka dasa ta a fili tsakanin Bichi da Tsanyawa, ba jami'i, ba mai gyara idan batirin sola ya mutu ko an sace shi, sai ta zama tarko. Yaro ya ga ta ba shi hannu ya shiga da gaba gaɗi, direban da ya taho da gudun 110 bai ma san da ita ba. Haka zanen fari-fari na tsallakawa. Doka ta ce mai mota ya dakata wa wanda ya sa ƙafa a kai, amma fenti ba ya rage gudun kowa, kuma damina biyu ta ishe shi ya goge. Danja tana da amfani a manyan mahaɗu na cikin Bichi ko Dambatta, inda dama motoci na tafiya a hankali kuma akwai mai tsaro. A wajen nan, abin da ke aiki shi ne abin da direba zai ji a jikin motarsa.

Mutanen karkara sun riga kowa gane wannan. Shi ya sa washegarin ranar da aka binne yaro za ka ga an jera kututture da tsofaffin tayoyi, ko an tara ƙasa an yi tudu a kan kwalta kamar kunyar dankali. Direbobi na tsine wa waɗannan tudun, kuma suna da hujja. Ba alama, ba fenti, tsayinsu ya wuce ƙima, suna fasa ƙasan mota, da dare suna kifar da wanda bai san hanya ba, wani lokaci ɓarayi ma su samu wurin tare mutane. David Umahi, wanda ya zama Ministan Ayyuka a 2023, ya ba da umarnin a rushe irin waɗanda aka yi barkatai a titunan tarayya. Ba laifi a rushe, in za a maye gurbinsu da na ƙa'ida. In kuwa an rushe an tafi, gari zai jira gawa ta gaba ya sake tarawa.

Na ƙa'idar kuwa ba wani abin sihiri ba ne, kuma an gwada shi a ƙasa irin tamu. A mahaɗar Suhum da ke kan hanyar Akara zuwa Kumasi a Ghana, wurin da ya yi ƙaurin suna wajen cin mutane, an shimfiɗa jerin ƙananan tudu masu sa mota kakkarwa kafin a shiga gari. Tsakanin Janairun 2000 da Afrilun 2001 haɗurra suka ragu da kashi 35 cikin 100, mace-mace da kashi 55, kuma abin da aka kashe bai kai dala 21,000 ba. A Darussalam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun firamaren da aka fi buge yaransu, ta yi tudun rage gudu, da wurin tsallakawa, da hanyar ƙafa, da alamomi. Da aka auna, raunin yara ya ragu da kashi 26. A wasu makarantun har da sauya wa ƙofa wuri, don kada yara su riƙa fitowa da gudu kai tsaye kan titi idan an tashi. Wannan na ƙarshe ko shugaban makaranta da kwamitin iyaye za su iya yi da bulo ɗari biyu. Makarantu nawa ne daga Dawanau zuwa Tsanyawa ƙofarsu ke kallon kwalta?

Idan aka haɗa waɗannan, siffar abin da garin kan hanya ke buƙata ta fito. Tun daga nesa direba ya fara jin kakkarwa a taya, ya ga allo da sunan gari. Daidai makaranta da kasuwa da masallacin Juma'a a ɗaga wurin tsallakawa ya zama faffaɗan tudu mai gangara a hankali, wanda tirela za ta hau ba tare da ta karye ba amma dole ta sassauta. A tsakiya a buɗe shingen, a bar fili mai faɗin da zai ɗauki mutum da kekensa ko jakinsa, a kafa turaku don mota kada ta bi. Da haka mai tsallakawa zai fuskanci hannu ɗaya, ya huta, sannan ya fuskanci ɗayan, maimakon ya haɗa lissafin motoci huɗu a kai ɗaya. Sai fitila a daidai wurin. Fitilun sola sun cika ƙauyuka yanzu, kusan kowane ɗan siyasa ya raba, amma sau da yawa a ƙofar gidan masu faɗa a ji suke ƙarewa. Tsakanin magariba da isha, lokacin da ake fitowa masallaci, 'yan talla na komawa gida, direba na sauri ya shiga Kano, ga hazon hunturu, ga mota mai ido ɗaya da za ka ɗauka babur ce, a nan ne haske ke raba rai da ajali.

Hanyar ƙafa kuma ta fi wuyar sha'ani, domin ba rashin wuri ne kaɗai ba. Kafaɗar titi ita ce hanyar ƙafar karkara, ita ce kuma kasuwa, ita ce tasha, ita ce wurin shanya. Da kaka za ka ga an baza barkono ja wur, ko masara, ko yankakken tumatir a kafaɗar kwalta, an tokare da duwatsu, saboda nan ne kaɗai daɓe mai tsabta da zafi a duk garin. Ranar Lahadi a Dambatta, ko ranar da Badume ke ci, motocin kaya su faka a kafaɗa, masu kayan gwari su zube a gabansu, 'yan acaɓa su jeru a gaban masu gwari, mai tafiya a ƙasa ya rasa inda zai sa ƙafa sai kan kwalta. Korar 'yan kasuwa ba ta taɓa yin aiki ba, domin ciniki a bakin titi yake, kowa ya san haka. Abin da ke aiki shi ne a yi musu 'yar hanya ta gefe inda mota za ta sauka daga babban titi ta tsaya, a yi lodi a yi ciniki, a raba ta da kwalta da dakali. A yi wa gari daɓen siminti na shanya a wani wuri. A rufe lambatu da murfi mai nauyin da ba a ɗauka, ya zama hanyar ƙafa. Duk wannan bai kai kuɗin kilomita ɗaya na titin kansa ba.

Me ya sa ba a yi? Wani ɓangare na amsar yana cikin yadda ake ƙirga matattu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ba da rahoton mutuwar mutum 5,081 a titunan Najeriya a 2023, da 5,421 a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ƙiyasta kusan mutum 40,000 a shekarar 2016 kaɗai. Ratar da ke tsakanin alƙaluman nan biyu, mutanen ƙauye ne da yawa a cikinta. Idan homa ta kife da mutum goma sha takwas, jami'ai za su zo, rediyo zai faɗa. Idan mota ta buge yarinya ɗaya a Kwa da hantsi, kafin la'asar an yi mata sutura. Direban, in ya tsaya, za a kai shi gidan mai unguwa don kada matasa su taɓa shi. 'Yan ƙungiyar direbobi su zo gaisuwa da buhun shinkafa, uban ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, na yafe." Wannan hali ne na mutanen kirki, kuma ba mai son a rasa shi. Amma yafe wa direba daban, rubuta cewa a daidai wurin nan an rasa mutum uku a bana daban. Tunda ba a rubuta ba, a takardar ma'aikata wurin lafiya lau yake, ba dalilin kashe masa ko kwabo. A duniya baki ɗaya, cikin mutum miliyan 1.19 da ke mutuwa a titi duk shekara, sama da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, a Afirka kuwa sun kai ɗaya cikin uku. Littafi guda a hannun kowane dagaci, a rubuta rana da wuri da shekarun wanda aka buge, zai fi ƙorafi dubu ƙarfi a gaban kwantirolan ayyuka.

Ɗaya ɓangaren kuma shi ne kowa na da inda zai tura ka. Titin na tarayya ne, don haka shugaban ƙaramar hukuma zai ce ba shi da ikon taɓa shi. Jiha za ta ce a tuntuɓi Abuja. Hukumar FERMA gyaran ramuka ta sani. Ɗan kwangila zai buɗe takarda ya nuna maka cewa ba a sa wurin tsallakawa a cikin abin da aka biya shi ba, kuma gaskiyarsa ce.

Amma akwai titunan da wannan uzuri bai shafe su ba. A zangon mulkinsa na biyu, daga 2011 zuwa 2015, Rabi'u Musa Kwankwaso ya ƙaddamar da titi mai hannu biyu na kilomita biyar-biyar a ƙananan hukumomi 44, da lambatu da fitilu. Da yawa ba a gama ba aka bar su shekaru, ƙura da rani, taɓo da damina. Abba Kabir Yusuf, wanda shi ne kwamishinan ayyuka a wancan lokaci, ya dawo da aikin bayan ya zama gwamna a 2023. Waɗannan tituna a tsakiyar garuruwa suke, suna bi ta gaban asibiti da sakatariya da makarantu da tasha. Titunan birni ne sak, a Dawakin Tofa ko Kunci ko Makoɗa. A nan jiha ce mai wuƙa da nama. Idan aka gama su da kwalta da fitila kawai, ba hanyar ƙafa, ba wurin tsallakawa a ƙofar makaranta, to an kawo wa garuruwan nan gudun da ba su da shi a da. A nan ne ya fi sauƙi a fara, a kuma nuna wa ma'aikatar tarayya samfuri.

Wayar da kai ma tana da gurbinta, kada a ce an raina ta. Dattawa na tuna canjin hannu na watan Afrilun 1972, lokacin da Najeriya ta koma tuƙi ta dama. Rediyo da mawaƙa da masu shela suka yi ta yi har saƙon ya shiga kowane lungu. Ƙasar da ta iya sauya wa dukkan direbobinta hannu a rana ɗaya za ta iya koya musu sassautawa a ƙofar makaranta. Limamai a huɗuba, shugabannin tasha a wurin lodi, duk suna da bakin magana. Sai dai wa'azi yana kama wanda ya saurara ne, tudu kuwa yana kama kowa.

Hausawa na cewa tun ran gini ran zane, kuma a aikin titi wannan magana kuɗi ce tsagwaronta. Kafin a fara aiki ana zuwa ƙiyasin diyya. Ma'aikata su zo da tef da littafi, hakimi da dagatai na zaune, a ƙirga ɗorawa da mangwaro da kuka da gawo, a auna katanga, a rubuta rijiya. Kowane abu mai mai shi yana shiga takarda. Burtali ba ya shiga, hanyar rafi ba ta shiga, turbar da yara ke bi zuwa makaranta ba ta shiga, saboda na kowa ne, ba wanda zai karɓi kuɗinsu. A wannan zama ne ya kamata masu gari su miƙa takarda ta biyu: ga inda shanu ke ƙetarewa, ga hanyar maƙabarta, ga ƙofar makaranta, ga ranar da kasuwa ke ci da inda take cika.

Buƙatar ta ƙara ƙarfi da zuwan layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar a Fabrairun 2021 aka bai wa kamfanin Mota-Engil na Fotugal. Ya bi ta Dambatta da Kazaure da Daura, ta cikin gonakin nan dai, kuma jirgi ba a yi masa tudun rage gudu. Wasu garuruwan za su wayi gari da titi mai hannu biyu a gefe ɗaya, dogo a ɗaya gefen. A duk inda aka ɗaga hanya da cikon ƙasa, dama ana saka kwalbati don ruwa ya wuce. Idan aka ƙara masa tsayi da faɗi tun kafin a zuba ciko, sa da jaki da mai kura za su bi ta ƙarƙashi ba tare da sun taɓa kwalta ko ƙarfen dogo ba, kuma ƙarin kuɗin siminti da rodi ne kawai. Bayan an shimfiɗa kwalta an buɗe hanya, yin wannan kwalbatin na nufin a rufe hannu ɗaya, a fasa titin, a haƙa, a sake ginawa, da sabuwar kwangila da sabon kasafi daga Abuja.